Darasi: Makewayi da Ladubbansa ga Mai Tafiya Ƙasashen Waje

Darasinmu na yau ya shafi wani al'amari wanda kunya takan hana manya zancensa a bainar jama'a; amma duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami a zaure ya san fuƙaha'u ba su ji nauyin wannan magana ba, domin littattafan da aka fara biya mana, irin su Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ba su shiga hukuncin salla ba sai da suka gabatar da babin tsarki, shi kuwa tsarki ba ya cika sai an san ladubban biyan bukata. A zamanin kakanninmu, mai niyyar Hajji yakan bi ta Barno da Wadai da Darfur a ƙasa, ya shekara ko ya fi a hanya kafin ya ga Bahar Maliya a Sawakin, yana sabawa da al'adun mutane sannu a hankali, zango bayan zango. Yau kuwa mutum yakan karya kumallo a Kano ya yi sallar La'asar a Jidda, fatake suna zirga-zirga tsakanin kasuwanninmu da Dubai da Gwanzu, marasa lafiya suna neman magani a Alƙahira da Indiya, samari suna karatu a Ingila da Malesiya. Kowannensu yakan tanadi fasfo da guzuri da tufafin sanyi, amma da wuya a sami wanda aka zaunar aka bayyana masa abin da zai tarar a bayan wata 'yar ƙofa wadda babu makawa sai ya buɗe ta tun ranar da ya tashi.

Idan aka dubi duniya ta wannan fuska, sai a ga mutanenta sun kasu gida biyu, watau masu tsarki da ruwa da masu gogewa da takarda. Larabawa da Turkawa da mutanen Iran da Pakistan da Indiya da Malesiya da Indunusiya suna tare da mu a gida na farko. Mutanen Ingila da Jamus da Amurka, da galibin mutanen Sin, suna gida na biyu. Kowane ɓangare kuwa ya gina ɗakinsa daidai da al'adarsa, a nan ne kuma tushen mas'alar yake. Masu ruwa sukan yi daɓen makewayi da ɗan gangare, su bar masa rariya, domin sun san zai jiƙe sau da yawa a yini. Su kuwa masu takarda, da yake ba su taɓa tsammanin ruwa zai sauka a ƙasa ba, sai suka yi ɗakin busasshe, babu rariya ko ɗaya a daɓensa, har ma a wasu tsofaffin gidajen Ingila akan tarar an shimfiɗa darduma tun daga bakin ƙofa har gindin masai. Daɗin daɗawa, benayen gidajensu da yawa da katako aka yi daɓensu, saboda haka ruwan buta guda da baƙo ya kwarara a ƙasa, wanda a gidanmu da ya bi rariya ya fita babu mai sani, a can sai ya tsaya, ya ratsa tsakanin katakai, ya ɓulla ta rufin ɗakin maƙwabcin da ke ƙasa, wani lokaci ya taɓa wayar lantarki. Kashegari mai gida ko mai otal ya zo da takardar lissafi, a cire diyya daga kuɗin ajiyar baƙo, a kuma riƙe abin a zuci game da duk wanda ya fito daga ƙasarsa.

To, abin da ya wajaba ga mai shiga makewayi a baƙon wuri, tun kafin ya kwance zariya, shi ne ya sunkuyar da kai ya dubi daɓe. In ya ga rariya, ya san ɗakin ya saba da ruwa. In bai gani ba, to ba a hana shi tsarki ba, amma an hana shi jiƙa ƙasa, dabarar kuwa ba mai wuya ba ce: ya zauna sosai a kan masai, ya fara ragewa da takarda mai laushin nan da ake kira tishu, sa'an nan ya tsiyayo ruwa kaɗan-kaɗan da hannun dama yana wankewa da hagu, yadda ruwan zai faɗa cikin masan, in kuma wani abu ya ɗiga a gefe ya share shi kafin ya fita. Ba kuma dole ne sai babbar buta ba. Gorar roba ta ruwan sha ta wadatar, tana shiga jaka ko aljihun babbar riga ba tare da jawo idon kowa ba. Sai dai a tuna cewa a galibin filayen jirgin sama masu bincike ba sa barin fasinja ya wuce da ruwa fiye da mililita 100, don haka a wuce da gorar wofi, a cika ta a famfo bayan an shiga ciki.

A nan ya kamata mu ɗan dakata mu rarrabe tsakanin abin da shari'a ta ɗora mana da abin da sabo kawai ya ɗora mana, domin matafiya da yawa suna wahalar da kansu, suna kuma wahalar da masu masaukinsu, a kan abin da addini ya riga ya sauƙaƙa. Malamai sun yi bayani cewa tsarki daga bawali da bahaya iri biyu ne: istinja'i, watau wankewa da ruwa, da istijmari, watau abin da muka sani da tsarkin hoge. Ruwa ya fi falala, haɗa biyun ya fi duka, amma istijmari shi kaɗai ya isar, matuƙar an yi shi da abu busasshe, mai tsarki, mai gusar da najasa, wanda ba ya cutar da jiki, kuma ba shi da alfarma irin ta abinci ko rubutu. Takardar makewayi ta cika waɗannan sharuɗɗa. Jarida da takardar littafi ba su cika ba, saboda alfarmar haruffa. Amma fa a mazhabarmu ta Malikiyya akwai wuraren da ruwa ya zama tilas, daga cikinsu akwai maziyyi, da jinin haila da na biƙi, da bawalin mace, da najasar da ta bazu ta wuce mafitarta da yawa. Saboda haka 'yan'uwa mata sun fi kowa bukatar riƙe 'yar gora a jaka. Haka nan batun fuskantar alƙibla ko ba ta baya: hanin ya fi ƙarfi ne a fili, amma a cikin gini malamanmu sun yi rangwame, don haka kada mutum ya tsaya yana murɗa jikinsa a kan masan da aka kafe da siminti yana neman inda gabas take. Addu'ar shiga da ta fita kuwa, da gabatar da ƙafar hagu wajen shiga da ta dama wajen fita, babu ƙasar da za ta hana ka su, tun da ba su shafi daɓen kowa ba.

Abin da ya fi jawo saɓani a ofisoshi da makarantu da filayen jirgin sama na Turai da Amurka shi ne wanke ƙafa a kwamin wanke hannu, wanda su a wajensu wurin wanke fuska ne da baki, ga shi kuma maƙale yake da bango, ba a yi shi don ɗaukar nauyin mutum ba. Mai hankali yakan fara tambaya ko akwai ɗakin salla, domin manyan filayen jirgin sama da yawa, irin na Dubai da Santambul, sun tanadi wurin alwala na musamman. Inda babu, shari'a ta ba mu mafita ta shafa a kan huffi: safar fata ɗinkakkiya wadda ta rufe idon sawu, wadda aka sa bayan cikakkiyar alwala ta ruwa, ana shafa a kanta a maimakon wanke ƙafa. A mashhurin zance na Malikiyya ba a iyakance mata lokaci ba, sauran mazhabobi kuwa sun ba matafiyi kwana uku da dararensu. Game da safar zare akwai saɓani tsakanin malamai, kowa ya tambayi malaminsa tun yana gida.

Shi kansa masai na zama, wanda aka yi da tangaran, sunansa ya nuna yadda ake amfani da shi, amma har yanzu akan sami wanda ƙyanƙyami ko rashin sabo zai sa ya hau bisansa da ƙafafu ya tsuguna. Wannan kuskure ne mai haɗari ƙwarai, domin tangaran ba ya jure nauyin da aka tara a gefe guda, in kuwa ya fashe ƙarƙashin mutum yakan yi yanka mai zurfi a wurin da jijiyoyin jini suke. Ko da bai fashe ba, sawun takalmi yakan zauna a inda wani zai zauna, shi ya sa a wurare da yawa aka manna hoton mai tsugune an ja masa jan layi. Mai ƙyanƙyami ya share mazaunin da tishu, ko ya shimfiɗa tishun a kai, ya zauna. A makewayin maza kuma za a ga wasu ƙananan kwamaye jere a bango, babu ƙofa babu labule, inda mazajensu ke fitsari a tsaye kafaɗa da kafaɗa. Wannan bai dace da mu ba, ko ta fuskar suturce al'aura ko ta fuskar fallatsi a tufa, sai a wuce su a shiga ɗakin da ke da ƙofa. Wani abin da zai ba ku mamaki shi ne, a gidajen Jamusawa da yawa ana ɗaukar fitsari a zaune a matsayin ladabi ga namiji, har wasu matan gida sukan manna sanarwa a bango suna roƙon baƙi su zauna. A wannan kam mun riga su.

Bayan daɓe da mazauni, sai a kula da abin da ake jefawa cikin rami. Shaddar gargajiya rijiya ce, duk abin da aka jefa mata ta haɗiye. Masan zamani kuwa bakin bututu ne kawai, wanda ke haɗe da na maƙwabta, ya tafi ƙarƙashin gari har matatar ƙazanta. Mutanen Landan ba su kai ga wannan tsari ba sai da suka sha wuya: a zafin shekarar 1858 ƙazantar da ake zubarwa cikin kogin Tems ta yi ɗoyin da ya addabi 'yan majalisa a zaurensu da ke bakin kogin, har ala tilas suka amince da kuɗin da wani injiniya mai suna Joseph Bazalgette ya gina wa birnin manyan magudanai na ƙarƙashin ƙasa, waɗanda har yau ake amfani da su. A cikin ɗaya daga irin waɗannan magudanai ne, a unguwar Whitechapel, aka gano wani dunƙulen daskararren maiƙo da tsummokara a shekarar 2017, nauyinsa wajen tan 130, tsawonsa mita 250, wanda ma'aikata suka yi makonni suna farfasawa. Abin da ya haɗa shi kuwa bai wuce man girki da aka zubar, da jiƙaƙƙun ƙyallayen goge jarirai, da audugar mata, da kunzugun yara na zamani ba. Saboda haka a Ingila da Jamus da Amurka ƙa'idar ita ce tishu kaɗai ke bin ruwa, domin an yi shi ne yadda zai narke. Kowane abu dabam, balle dutse ko hoge ko leda, sai kwandon shara.

Amma kada a ɗauka wannan ƙa'ida ta game duniya. A Girka, da sassa da yawa na Turkiyya da Masar da Sin, da ƙasashen Kudancin Amurka irin su Brazil, bututun tsofaffin gine-gine ƙanana ne, tishu ma yana toshe su, don haka akan ajiye kwando mai murfi kusa da masai domin a jefa takardar da aka yi amfani da ita a ciki. Baturen Ingila yakan ji wannan da ƙyama in ya je Girka, Bagirke kuma yakan yi mamakin yadda baƙo zai toshe masa bututu. Kowane tsuntsu dai kukan gidansu yake yi. Alamar da za a duba ita ce kwando da sanarwa a bango. In an rasa tabbas, a tambayi mai masauki, ba zai ga wautar mai tambaya ba.

Makewayin jirgin sama yana bukatar bayani na daban, domin shi ne na farko da baƙon tafiya zai gamu da shi, shi ne kuma mafi ƙunci. A jikin ƙofarsa akwai alama, kore in babu kowa, ja in da mutum a ciki; wanda ya shiga lalle ya ja sakata har ƙarshe, domin ita ke kunna fitila sosai, ita ke kuma nuna wa na waje cewa akwai mutum. Masan jirgi ba da yawan ruwa yake aiki ba, iska ce ke zuƙe ƙazantar da ƙara mai firgitarwa, saboda haka a tashi tsaye, a rufe murfi, sa'an nan a danna maɓalli. Ƙazantar kuwa tana taruwa ne a wani tanki har jirgi ya sauka, ba a sararin sama ake zubar da ita ba. Ruwan famfonsa na wanke hannu ne, ba na sha ba, kaɗan ne kuma aka ɗauko domin ɗaruruwan mutane, ga wayoyi da na'urori a ƙarƙashin daɓe, don haka kwarara ruwa a ƙasa laifi ne babba a wajen ma'aikatan jirgi. Abin da ya fi shi ne a yi alwala a ƙasa kafin a hau. In ta warware a sama, a tuna cewa farillar alwala wanki ɗaya ne ga kowace gaɓa, na biyu da na uku ƙarin falala ne, kuma matafiyi yana da rangwamen haɗa salloli. Shan taba a can haramun ne a doka, akwai na'urar da ke jin hayaƙi, wanda aka kama kuwa 'yan sanda ne za su tarye shi a ƙasa. Ana kuma hana shiga lokacin tashi da lokacin sauka, don haka dattijo ko mai ciwon sukari kada ya jira sai jirgi ya fara gangarowa.

A Ƙasa Mai Tsarki ba a rasa ruwa ko rariya, abin da ake fama da shi cunkoso ne. A shekarar 2019 alhazai sun kusa miliyan biyu da rabi, dukkansu kuwa a kwarin Mina suke kwana a ranaku ɗaya, su tsaya a Arfa a yini ɗaya; ko nawa aka gina makewayai, layi ba ya yankewa, musamman gab da kiran salla da bayan cin abinci. Mai dabara yakan je tsakar dare ko da hantsi. Wanda ya samu ya shiga kuma, ya ji tsoron Allah game da waɗanda ke tsaye a rana suna jiransa, kada ya mai da wurin ɗakin wanki ko ya tsawaita wanka. Akwai wata ɗabi'a da na ga ta yaɗu tsakanin tsofaffinmu wadda nake ganin ta fi layin kansa haɗari, watau rage shan ruwa don gudun zuwa makewayi. A zafin Hijaz wannan yana iya kai mutum asibiti ko kabari, alhali tsayuwar rabin sa'a a layi ba ta kashe kowa. Mai harami ya kula da sabulun da ya tarar, domin galibinsa mai ƙamshi ne, turare kuwa yana cikin abubuwan da aka hana shi. Ya tafi da nasa marar ƙamshi, ya tattare haraminsa da kyau kada gefensa ya sha ruwan daɓe. Makewayan Masallacin Harami suna waje ne a farfajiya, da yawansu a ƙarƙashin ƙasa, ƙofofinsu kuma sun yi kama da juna, saboda haka a riƙe lambar ƙofar da aka shiga, domin nan ne ɗaya daga wuraren da miji ke ɓace wa matarsa.

Sauran ƙasashen masu ruwa ba za su ba mu wuya ba, sai 'yan abubuwa kaɗan. A Saudiyya da Dubai da Masar, maimakon buta akwai 'yar mesa rataye a bango mai madanni a kanta. A fara gwada ta cikin masai, domin wata tana fesowa da ƙarfi, kuma da rani ruwan da ya wuni a tankin saman gida yakan yi zafin da zai ƙona fata. A Turkiyya wani ɗan bututu ne a cikin masan kansa, ana buɗe shi da famfon da ke gefe. A Indunusiya akan tarar da ƙaramin tanki na siminti cike da ruwa da moɗa a kai. Ɗiba ake yi, ba a shiga ciki, ba a tsoma hannu mai sabulu, domin ruwan na dukan gida ne. A Italiya kuwa, inda doka tun 1975 ta wajabta shi a gidaje, za a ga wani gajeren kwami mai famfo kusa da masai. Ba wurin bahaya ba ne, wurin wankewa ne bayan an gama, ga wanda ya gane shi kuwa ni'ima ce. A Sin masan tsugune ne ya fi yawa a kasuwanni da tashoshi, amma sau da yawa babu ruwan tsarki, babu takarda, kowa da tasa yake yawo. Gwamnatinsu ta ƙaddamar da gangamin gyaran makewayai a 2015, har a 2017 aka kafa wata na'ura a wani shahararren wurin shaƙatawa na Beijin wadda sai ta dubi fuskar mutum kafin ta ba shi takarda mai tsawon santimita 60, don maganin masu kwashe ta zuwa gida.

Mutanen Japan su ne suka kai wannan sana'a maƙura. Tun 1980 kamfanin TOTO ya fito da masai mai fesa ruwan ɗumi da busar da jiki da ɗumama mazauni, yau kuma mafi yawan gidajen ƙasar suna da irinsa, da jerin maɓallai a gefe masu hotuna. A nan tsarki ba shi da wuya, sai dai a kiyayi maɓalli ja, wanda sau da yawa na kiran agaji ne, ba na kora ruwa ba. A gidajensu da masaukansu na gargajiya akwai silifa na musamman a ƙofar makewayi, a sa su in za a shiga, a tuɓe su in an fito; wanda ya manta ya shigo da su ɗaki, a idonsu daidai yake da wanda ya taka sallaya da takalmi.

Sai batun kuɗi da doka. A Jamus makewayin bakin babbar hanya na biya ne, kimanin Yuro ɗaya, a ba ka 'yar takarda wadda za a rage maka kuɗinta in ka yi sayayya a kantin wurin. A wasu wuraren kuma za ka ga faranti a bakin ƙofa inda ake ajiye wa mai shara 'yan sulalla, don haka kada aljihu ya rasa canji. A titunan Faris akwai ɗakuna masu wanke kansu, kyauta tun 2006, amma in wani ya fito kada ka faɗa nan take, ka bari ƙofa ta rufe, injin ya gama wanki, in ba haka ba da kai za a wanke. A Amurka makewayin kanti da gidan abinci galibi na masu ciniki ne, sai ka sayi ko da shayi. Haruffan WC, ko hoton namiji da mace, su ne alamar da ta fi yawa. A Jamus H na maza ne, D na mata, a Polan kuwa da'ira ta mata ce, mai kusurwa uku na maza. Ɗakin da ke da hoton keken guragu a bar wa masu shi, jar igiyar da ke rataye a ciki kuma ƙararrawar neman taimako ce. Kada a firgita in an ga mace tana shara a ɓangaren maza, aikinta take yi. Abin da babu wasa a cikinsa shi ne tsugunawa a gindin bango ko bayan mota, wanda a wasu garuruwanmu aka mai da shi ba kome ba: a biranen Turai da Amurka laifi ne mai tara, a Singafo ma har rashin kora ruwa a makewayin jama'a ana cin tara a kansa, a wata unguwa ta Hambug kuma tun 2015 suka shafa wa bangaye wani fenti mai mai do wa mutum fitsarinsa a ƙafa. Mu kuwa bai kamata mu jira ɗan sanda ya koya mana wannan ba, tun da addini ya riga ya hana biyan bukata a kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa da mashayar ruwa.

Game da wanka, a tsaya cikin kwami ko ƙarƙashin shawa, a sa gindin labule ta ciki, kada a ɗebi ruwa a bokiti a yi wanka a tsakar ɗaki. Famfo mai ja na zafi ne, mai shuɗi na sanyi. A Faransa da Italiya harafin C na nufin zafi, wanda ya saba da Turancin Ingila yakan ɗauka sanyi ne ya ƙone. Gidajen wankan jama'a kuma a yi tambaya kafin a biya kuɗi, domin a Finlan da Japan al'ada ce a shiga tsirara, a Jamus ma har akan haɗa maza da mata, wannan kuwa ba wurinmu ba ne. Hamaman Maroko da Turkiyya, watau gidajen wankansu, sun raba maza da mata, ana kuma ɗaura gyauto. Batun hannun tsarki kuwa, in Bature ya miƙo maka abu da hagu kada ka ɗauka raini ne, shi bai san bambancin hannu ba. A Indiya da ƙasashen Larabawa kuwa sun sani sarai, irin yadda muka sani. Kowace ƙasa aka je, a wanke hannu da sabulu kafin a fito, domin amai da gudawa da zazzaɓin taifot ta hannu suke shiga baki.

Yanzu sai roƙona gare ku, musamman waɗanda Allah ya nufa suka riga suka yi irin wannan tafiya. A kowace unguwa akwai dattijo ko dattijuwa da za su hau jirgi bana, waɗanda ba su taɓa ganin masan zama ba, kuma kunya ba za ta bar su su tambayi 'ya'yansu ba, balle ɗan fari. A nemi sa'arsu wanda ya taɓa zuwa, ko jika wanda ke da damar wasa da su, mace ga mace, namiji ga namiji, a kai su asibiti ko wani gida mai irin wannan masai, a nuna musu yadda ake zama da yadda ake kora ruwa da inda ake jefa takarda, a kuma saya musu 'yar gora da silifa da sabulu marar ƙamshi a sa cikin jakar hannu. Ku yi wannan tun kafin a kira su sansanin alhazai.